Gonar da Na Saya a Ƙarshen Magudana

Na kama aikin koyarwa tun ina saurayi, ban ajiye shi ba sai da furfura ta mamaye mini gemu. Shekarun ƙarshe na aikin na yi su ne ina shugaban wata makarantar firamare a ƙasar Bunkure, a garin da aka yanke mini cibiya. Albashin malami ba ya sa mutum ya yi teɓa, wannan kowa ya sani. Amma yana da hali guda wanda na girmama shi dominsa: ko ya makara a hanya, yana isowa. Manomin tumatir yakan sami abin da ban samu a shekara ba cikin mako biyu, sa'an nan wata shekarar ya zubar da kwandunansa a bakin titi saboda babu mai taya su. Ni ban taɓa ganin irin wancan samu ba, ban kuma taɓa ɗanɗana irin waccan asara ba.

Tun farkon aikina na ɗora wa albashi ƙa'ida. Kashi mafi girma na cefanen gida ne. Kashi na biyu na iyaye ne da dangi, sabulu da sukari da ɗan abin goro, wanda ba na bari wata ya tsufa ban kai ba. Abin da ya saura ba na barinsa ya kwana a aljihu a matsayin kuɗi, domin takardar kuɗi tana amsa kiran duk wanda ya yi sallama. Da kaka, lokacin da shinkafa ta yi araha, nakan sayi shanshera, wato wadda ba a casa ba, in jibge buhuna a wani ɗaki da ke zaure na biyu. In damina ta yi tsakiya, masu injin casa na Kura suka fara nema, sai in fitar. Ribar ba ta da yawa, amma da ita na yi rufin kwano, da ita na aurar da 'ya'yana mata ba tare da na tsaya a ƙofar kowa ba.

A farkon shekarun dubu biyu aka yi wa ma'aikata ƙarin albashi, daga baya kuma aka biya mu ariyas na watannin da ƙarin bai shigo ba. A cikin shekarun nan ne kuma aka daina miƙa mana albashi a hannu, aka mai da mu banki. Abokan aikina kowa ya bi abin da ransa ya daɗe yana so. Wasu suka sayi babura, wasu suka sayi wayar hannu wadda ta fara shigowa, suna hawa kan tudun bayan makaranta suna neman sabis. Ban ga laifinsu ba. Ni dai hankalina yana wani wuri. Na sha ganin dattawan da suka koyar da ni a harabar sakatariya, zaune a gindin bishiya, suna jiran a kira su tantancewar fansho. Shekarun da suka rage mini a aiki ba su da yawa. Na ƙudura a raina cewa ranar da zan miƙa makullin ofis, zan kasance da gonar da ruwan rani yake shiga, domin fansho ya same ni ina cin abinci, kada in zauna jiransa da yunwa. Gonar gadonmu tana kan tudu inda ruwa ba ya hawa, kuma mu magada muna da yawa.

Wanda bai san ƙasarmu ba, ga yadda ruwan yake tafiya. Babbar magudana tana ɗauko shi daga madatsa, ƙanana suna tsagewa daga jikinta, kowace da jerin gonaki a gefenta, abin da muke kira layi. Gonakin bakin layi su ne suke fara sha, kuma ba a sayar da su. Ko an sa su a kasuwa, albashin malami ba ya isa ya taya. Abin da ariyas ɗina da shansherata suka iya kaiwa gare shi ita ce wata gona a can ƙarshen layi, wadda magadanta suka koma birni. Rabonta da ruwan rani an daɗe. Amma ni na san wurin tun magudanar tana sabuwa, na ga alkama a cikinta har ƙirjin mutum. Na tabbata ƙasar ba ta tashi ba, laka ce da kacala, doguwar ciyawar nan mai kaifin ganye, suka toshe hanyar ruwa. Kuɗina bai cika ba, sai uwargida ta ciko da jarin da take turara shinkafa da shi. Ba ta yi dogon zance ba, ta ce dai in tuna tukunyarta za ta zauna a kife har gonar ta yi magana.

Ina da taubashi, ɗan gwaggona, wanda bisa al'ada bawana ne, ko da yake ya fi ni dukiya nesa ba kusa ba. Gonarsa ce ta biyu a bakin layin. Da labari ya kai masa, bai bari gari ya waye sau biyu ba sai ga shi a ƙofar gidana a kan sabon babur.

"Ranka ya daɗe, Hedimasta," in ji shi, "an ce ka saya wa yaran makaranta filin ƙwallo. Yaushe za a kafa raga?"

Na ce masa ranar da aka kafa zan aika a kira shi, tunda tsinto ƙwallo aikin bayi ne. Ya yi dariya har da dukan tankin babur, ya ce mai alli a hannu ba ya sanin ƙasa sai a taswira. Da ya tashi tafiya kuwa sai ya sassauta murya, ya ce in ina so zai nemo mini wanda zai karɓi gonar ko da an rage wani abu, tun kafin gari ya gama ji. Na gode masa, na ce ya gaida gwaggo.

Ranin farko na yi abin da kowane ma'aikaci yake yi: na biya 'yan ƙwadago suka yashe magudanar da ke gaban gonata har ta yi fes, na sa aka yi kaftu, aka ja fangali, aka zuba irin alkama. Ruwa ya zo sau biyu, siriri kamar zaren saƙa, sa'an nan ya ɗauke. Tsakanin gonakin bakin layi da tawa akwai doguwar tazara ta gonakin da masu su suka yi watsi da su, wasu sun tafi acaɓa birni, wasu sun koma dako a kasuwar tumatir. Magudanar da ke gabansu ba ta da mai sharewa. A nan ruwan yake shiga cikin kacala ya kwanta. Alkamata ta tsiro, ta yi kore na ɗan lokaci, ta ƙone a tsaye. 

Na zauna na auna al'amarin da idon mai albashi. In zan riƙa biyan 'yan ƙwadago su yashe wannan tazara duka, kuma laka tana dawowa kowace damina, to, gonar da na saya domin ta tallafi albashi ita za ta riƙa cinye shi, in na yi ritaya kuma ta cinye fanshon. Aikin ba na aljihun mutum ɗaya ba ne, na gayya ne. Saboda haka na tafi wurin dattijon da manoman layin suka ɗora wa rabon ruwa, wanda abokin mahaifina ne, na durƙusa na gaishe shi, na roƙi ya kira mini gayya. Ya saurare ni har na gama, ya daɗe yana murza carbi.

"Malam," ya ce, "kai ɗana ne, ba zan ɓoye maka ba. Na bakin layi ruwa yana isarsu, ba abin da zai kai su cikin lakar wani sai biyan ƙafa, wato ka je wa wanda ya taɓa zuwa maka. Shekara da shekaru in an yi gayya muna ganin goronka, muna ganin kuɗin kunun da kake aikowa, mun kuma gode. Amma ba wanda ya taɓa ganin ƙafarka a gonarsa. In na kira, za su amsa mini da baki, ranar kuma kowa ya ce yaronsa ba lafiya."

Ban ji haushinsa ba, domin gaskiya ya faɗa. A garinmu ba a sa ran ganin ma'aikaci a gayya. Girmamawa ce, amma girmamawar da take fitar da mutum daga cikin lissafin jama'a.

A cikin wannan damuwa ne aka kira ni sakatariya aka ce akwai gurbin mai duba makarantu a birni, da ƙarin mataki, in ina so a sa sunana. Ba ƙaramin abu ba ne ga wanda ya ba aikin nan ƙuruciyarsa, kuma da a ce shekara goma baya aka yi mini tayin, da ban kwana ban amsa ba. Na zo gida na shaida wa uwargida. Ta tambaye ni ko ƙarin zai biya hayar gida a birni ya kuma rage wani abu. Na ce da ƙyar. Ta tambaya wa zai tsaya a kan gonar. Na ce sai dai a sayar da ita da asara. Ta ce to, ita ba ta ga inda aka ƙaru ba, sai dai suna. Na koma na yi godiya, na ce a ba wani mai sauran shekaru a gaba. Daga ranar ba ni da wata ƙofa sai gonar.

Da aka gama girbin shinkafar damina, kafin a sako ruwan rani, na tashi wata Asabar bayan rana ta ɗan ɗaga, na ɗaura shebur da adda a bayan keke. Uwargida ta biyo ni har zaure. Ta ce, "Malam, girman nan da ake ba ka shi ma albashi ne. Kada ka je ka zubar da shi a cikin taɓo." Na ce mata in girman nawa ne, zai jure wanki.

Na isa farkon tazarar da ba ta da mai ita, daidai inda hanyar gonaki take bin gaɓar magudana. Na tuɓe babbar riga na ninke ta a kan sirdin keke, na ɗora hula a kai, na saura daga ni sai tsohuwar taguwa da wando naɗe zuwa gwiwa. Na yi bisimilla na sauka. Lakar ta kama ni har ƙwauri, sanyinta ya hau mini har cikin haƙora. Kacala ba ta saruwa da sauƙi. Sai an bi saiwarta a ƙarƙashin laka an tumɓuke, ganyenta kuma yana yanka tafin hannu kamar reza. Hannun da ya saba da alli da jan biro bai daɗe ba ya yi kanta.

Masu wucewa na farko suka rasa yadda za su yi da ni. Wasu suka yi sannu da aiki fuskarsu na kallon wani gefe. Wasu suka ce in fito za su turo 'ya'yansu. Na ce musu ban kira kowa ba, motsa jiki nake yi. Taubashina ya tsaya bai ko kashe babur ba, ya ce ashe gwamnati ta fara biyan malamai da kifin taɓo, ya tambaya ko in an kama za a ba bayi kai. Na ce ya matsa, inuwarsa tana hana ni ganin aiki. Ranar na yashe abin da bai fi tsawon aji guda ba, na koma gida ƙugu ba ya miƙuwa, uwargida ta dafa mini ruwan zafi.

Asabar da ta biyo na koma. A ranar ne al'amarin ya juya, ta hanyar da ban zana ba. Yawancin magidantan layin nan ta hannuna suka bi. Ni na koya musu baƙi da wasali, wasu ma na zane su saboda zuwa makaranta a makare. Ɗaya daga cikinsu, wanda a lokacin ya zama dillalin albasa mai iyali da ƙaton ciki, ya zo wucewa. Tun yana yaro bai taɓa gaishe ni a tsaye ba. Ya sauka daga babur, ya tuɓe takalmi, ya tsuguna a bakin gaɓa kamar yadda ya saba. Sai ya ga ko da ya tsuguna, yana sama ina ƙasa, yana kallon tsakiyar kaina. Ya ƙara duƙawa, bai wadatar ba. Na ga ya duba hagu ya duba dama, gumi ya karyo masa. Sa'an nan ya naɗe ƙafar wandon shaddarsa ya zamo cikin magudanar, ya rusuna a cikin laka ya ce, "Barka da aiki, Malam."

Na amsa, na tambayi iyalinsa da kasuwa. Da aka gama gaisuwa ya rasa ƙafar fita, domin ba ya yiwuwa ya hau gaɓa ya bar malaminsa da shebur a hannu. Ya ce in ara masa ya ga nauyinsa. Na ba shi, na ɗauki adda. Na bayansa da ya zo ya tarar da mu biyu, shi ma tsohon ɗalibina ne, ya sauko domin gaisuwa, bai fita ba. Kafin azahar mun kai mu shida, takalma jere a bakin gaɓa kamar ƙofar masallaci, babura a jingine, albasar dillali tana jiransa a kasuwa.

Magana ta zaga gari. Wasu suka daina bin hanyar ranar Asabar, suna zagayawa ta bayan gonakin rake don kada gaisuwa ta kama su, aka kuwa mai da su abin tsokana a majalisa. Wasu suka ce dabara ce irin ta 'yan boko. Ban musa ba, ban kuma amsa ba. Abin da na sani shi ne, ko ba wanda ya sauko, da zan ci gaba da zuwa, domin abin da na tara a rayuwar aikina da jarin matata suna kwance a ƙarshen wannan magudana.

Ana haka sai dattijon layin da kansa ya zo, yana dogara sanda. Ya tsaya a kan gaɓa ya dube ni, laka har gemu.

"Fito haka nan, Malam. Baƙi suna bin hanyar nan. Kana so a ce garinmu ne aka bar shugaban makaranta a cikin taɓo?"

Na ce, "Baba, kai ka ce ba a ga ƙafata ba. Na kawo ta ne a gani."

Ya yi murmushin da bai so ya fito ba. Ya ce an gani, har an gaji da gani. A ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci ya sa aka yi shela cewa duk mai gona a layin, na baki da na ƙarshe, ya fito da shebur. Aka fito kuwa. Uwargida ta tayar da tukunyarta da ke kife ta dama kunun tsamiya, maƙwabta suka taya ta. Taubashina ne ya zo a ƙarshe, yana cewa shi ba don ni ya zo ba, gwaggo ce ta ce in bai shiga ba kada ya ƙara taka mata ɗaki. Amma da ya shiga, aikin mutum uku ya yi, bakinsa bai huta ba, hannunsa ma haka. Matsattsaku ya kama shi a sha-raɓa, ya ce ko tsutsar ruwa ta san jinin mai kuɗi, shi ya sa ta tsallake malamai. Aka yi ta kwasar laka da kwanon sarki ana jibgewa a gaɓa, aka tara kacala tsibi tsibi domin ta bushe a ƙone. Aikin bai ƙare a yini guda ba, amma da jama'a suka ga ƙasan magudanar ya fara bayyana, ba a ƙara bukatar shela ba.

Ranar da rabon ruwa ya zo kan layinmu ranar makaranta ce. Ina ofis da hantsi ina duba tsarin darasin malamai sai na ji babur a bakin ƙofa. Taubashina ne, wandonsa jiƙe. Ya ce in rufe makarantar nan in zo in ga abin da ya yi mini. Na tambaye shi ko ruwan ya isa. Ya ce ya wuce gonakin da aka yasar yana gudu kamar an biyo shi, yanzu haka yana bakin tawa. Na so in bi shi nan take, ba zan ɓoye ba. Amma sa'o'in nan an riga an saye su daga gare ni, da su ake biyana, kuma ban taɓa barin makaranta kafin tashi ba saboda sha'anin kaina. Na ce ya je ya buɗe wa fangalin farko, ina tafe. Ya ce wannan taurin kai ne ya hana ni arziki. Sai da aka kaɗa ƙararrawa, yara suka watse, na kulle ofis, sa'an nan na hau keke. Na tarar ruwa ya cika rabin gonar, ƙasa tana shansa tana ƙananan kumfa, belbelu sun sauka suna bin bakinsa. Na yi alwala da shi, na yi azahar a kan gaɓa.

Alkamar shekarar ta yi kyau daidai gwargwado, ta shekarar da ta biyo ta fi ta. Da masu gonakin tsakiya suka ji ruwa yana wucewa ta ƙofarsu, wasu suka dawo, wasu suka ba da haya, magudanar ta sami masu ita tun daga baki har ƙarshe. An zo mini da tayi mai tsoka a kan gonar ba sau ɗaya ba, na ce ba ta sayarwa ba ce. Lokacin da na miƙa makullin ofis, akwai alkama da shanshera a ɗaki waɗanda ban saya a kasuwa ba. Fansho yakan zo a kan kari, yakan kuma yi nawa, ban taɓa rasa barci a kansa ba.

Sai dai gayya ba ta tafiya hanya ɗaya. Tun daga waccan shekara Asabar ɗina ta zama ta jama'a, duk wanda ya shiga mini laka sai da na taka gonarsa. Wadda na fara zuwa ita ce ta dillalin albasa, ranar dashe. Ya shimfiɗa mini darduma a inuwar mangwaro, ya kawo shayi, ya yi ta roƙona in zauna in sa albarka kawai. Na sha shayin, domin ba a mai da hannun mai kyauta. Sa'an nan na tuɓe riga, na karɓi damin irin albasa, na shiga sahu tsakanin taubashina da wani maƙwabcinsa, muka duƙa.